Gardamar da Muka Sauka da Ita Rami

Shekara goma sha biyu ke nan da dutse ya faɗo wa Laminu a ramin haƙar yuraniyom na Akokan. Ya danne shi daga wuya zuwa ƙugu. Ina tsaye taku uku daga inda yake. Shi ya rasa ransa, ni na rasa ƙafar hagu.

Laminu ɗan Damagaram ne, ni daga Tawa na zo. Shekara tara muna aiki tare ƙarƙashin ƙasa. Mu ne masu fara shiga bayan an fasa dutse da nakiya. Ɗaya ya riƙe dogon ƙarfe yana ƙwanƙwasa rufin rami, ɗaya ya haska masa fitila ya kasa kunne. Dutse mai lafiya ƙararsa a tsaye take. Wanda ya saki daga ciki kuwa amsawa yake kamar ganga. In ka ji ganga, ka ja baya, ka ɓamɓaro shi daga nesa. Dokar aikin ɗaya ce: muddin ƙarfe na kan rufi, baki a rufe. Ko tari sai ka haɗiye.

Mun san dokar. A kan basket, wato ƙwallon kwando, muka karya ta.

Akwai filin basket a unguwar ma'aikata, siminti da kwando biyu. Laminu yana bugawa, ni kallo nake yi. Gwaninsa wani Ba'amurke ne na zamanin kaset, mai sanƙo, wanda in ya tashi sama sai ka ce ya manta da saukowa. Nawa na baya ne, na zamanin parabol mai kamo tashoshin waje, ƙato kamar kamiyon ɗaukar kaya. Kullum bayan la'asar a fada, majalisarmu ta shan shayi, maganar ke nan: wa ya fi kowa tun da aka fara wasan? Laminu ya ce nasa bai taɓa barin garinsa ya tafi neman masu taya shi cin kofi ba. Ni in ce nawa yana ci, yana ba wasu su ci, yana tsare gida, nasa kuwa shi kaɗai ya sani. Shekaru muna haka, shayi yana zagayawa.

Ranar da abin ya ɓaci, fada ta cika. Na kawo hujjata, Laminu ya ajiye kofinsa.

"Idi, ɗan Tawa, tsaya. Lambar da ke bayan rigar gwanin naka, nawa ce?"

Ya juya ga mutanen fada.

"Kun gani? Ko lambar bai iya karantawa ba, amma shi ne alƙali."

Aka kwashe da dariya. Ban yi boko ba, kowa ya sani, amma ba a taɓa faɗa mini a gaban mutane ba. Na ɗauki furnon shayi da garwashinsa na watsa masa. Wuta ta shiga wuyan rigarsa. Ya ɗauki benci ya sauke mini a baki, haƙora biyu suka zube. Masu gwaninsa da masu gwanina suka kaure. Aka fasa kan wani mai walda ɗan Katsina da ya shigo rabo. Da aka raba mu, ƙasar wurin jini ne da ganyen shayi.

A rami ba a haɗa mutum biyu masu fushi da juna. Da safe shugaban ayarinmu ya dubi bakina, ya dubi wuyan Laminu.

"Akwai wata a tsakaninku?"

"Babu," in ji Laminu.

"Babu," na ce.

Kowannenmu yana jin kunyar a ce shi ne ya ji tsoro. Muka sauka.

Ya ɗora ƙarfe a rufi, ya fara. Ni na fara magana, ba shi ba. Na ce ya maimaita abin da ya faɗa jiya. Bai sauke ƙarfen ba, yana bugawa yana amsawa, wai gaskiya ce, kuma gwanina ko takalmin nasa bai isa ya ɗauka ba. A tsakanin maganarsa na ji ganga. Sau ɗaya, sarai. Amma amsa tana bakina, amsa mai zafi, na ce bari in ƙarasa ta tukuna. Ban ƙarasa ba, dutsen ya sauko a kanmu.

Fitilata ba ta mutu ba, don haka na ga komai. Jini yana fita ta bakinsa da kunnensa. Hannunsa ɗaya yana ta kartar ƙasa. Ya juyo ido ya ce, "Idi, ƙafarka." Sai da aka kawo jak biyu aka ɗaga dutsen. Kafin nan ya cika.

A likita suka tambaye ni yadda aka yi. Na ce dutsen bai yi magana ba. Haka na faɗa wa shugabanmu, haka na faɗa wa Hadiza matarsa, haka nake faɗa wa kowa.

Yanzu an rufe ramin. Abokan aikinmu wasu sun tafi haƙar zinariya, wasu sun koma gida, wasu tari ya kai su. Filin basket ya tsage, kwando ɗaya ya saura. Baƙin hauren da ake korowa ta kan iyakar Assamaka sukan fake a inuwar bangonsa. Samari suna gardamar nan har yau, a salula, da sababbin sunaye. Na ji wani yana cewa nawa da na Laminu duk tsofaffin yayi ne. Da Laminu yana raye, da ya ɗauki ƙwallo ya nuna musu, sannan ya zauna ya saye su da shayi. Bai iya riƙe fushi ya kwana biyu ba. Da na bar shi zuwa azahar, da ya zo da kansa ya ba ni haƙuri.

Ban san wa ya fi kowa a basket ba. Na daina kallo. Abin da na sani, mutanen da Laminu ya koya wa sauraron dutse duk sun fito da ƙafafunsu. Ni kaɗai na ji na yi biris.

Watan jiya na je gidan Hadiza. Tun rasuwar Laminu, kowace Juma'a tana aiko mini da tuwo, wai ni ne na ƙarshe da ya ga mijinta. Na same ta tana tsince shinkafa. Na jingine sandata na faɗa mata duka, har gangar.

Ta ɗago ta dube ni.

"Malam Idi, ka ji?"

"Na ji."

"Da kunnenka?"

"Da kunnena."

Ta ajiye faifan. "Shekara goma sha biyu kana cin tuwona." Ta miƙo mini sandata. "Tashi."

Na tashi. Tana da gaskiya. Na sa an rubuta wannan ne don 'ya'yansa da sauran abokan aikinmu su ji daga bakina: Laminu bai yi sakaci shi kaɗai ba, kuma dutsen ya yi magana.

Yana maƙabartar Akokan, kusa da bangon gabas. Allah Ya jiƙansa. Ni ina gadin wani shagon tayoyi a tashar Arlit. Juma'a huɗu ke nan ba a aiko ba. Ina nan.