Bazarar da Muka Yashe Tur'a

Ban daɗe da koyon riƙe alƙalami ba, shi ya sa nake rubutu a hankali. Haka ita ma waccan bazarar take dawo mini, a hankali, cikin hucin rana.

Idan an gama cirar auduga, aka rufe ruwan tur'a, wato babbar magudanar da ke shayar da gonakinmu, samarin ƙauyenmu ba mu da aiki sai faɗa, mu 'yan gabas, su 'yan yamma. A shekarar ne wani dogo daga yamma ya karya wa wana hannu da sanda. Na ƙudura a raina sai na rama da wuƙa.

Sai liman ya kira gayyar yashe tur'a. Kowa ya kwance wuƙar damtsensa ya jefa a kwando, aka kai masallaci. Ni wata tsohuwar wuƙa na jefa, tawa ta gaske na ɗaure ta a cinya. Sandunanmu na faɗa kuwa, biyu-biyu aka zura su cikin buhuna don ɗaukar ƙasa, bagabashe da bayammace su kama tare. Liman ya haɗa ni da dogon.

Na ce, "Baba, a canza mini."

Ya ce, "Kama, ɗana, rana na yi."

A al'adar aikin, kowane sawu ana juyawa, na baya ya koma gaba. Sawun farko ni ne a baya. Ga gadon bayansa a gabana, gumi na gangarowa, wuƙa na gugar cinyata. Baƙar ƙasa duk ta tsattsage, iska tana rawa a kanta kamar ruwa, can nesa jirgin ƙasa mai zuwa Sinnar yana kuka. Na ce a raina sai sawu na gaba. Aka juya, ni ma na ba shi bayana, wuyana duk ya yi sanyi. Bai yi kome ba. Kullum sai in ce gobe, har takunmu ya zama ɗaya, ƙasa ta daina zubewa.

Ranar ƙarshe wani dattijo ya kawo kankana jaki guda, ba abin yankawa. Dogon ya dube ni.

"Ya zol, kai mutumina, hiddo wuƙar nan mana. Tun ranar farko nike ganin kana tahiya kamar mai ƙurji."

Dariya ta tashi, har da liman. Na juya baya cikin kunya na kwance ta, na yanka. Yankan farko dogon ya ɗauka, ya taka har gindin itacen bedi inda wana ke zaune da hannunsa a ɗaure, ya tsuguna.

Wana ya daɗe yana kallon jan kankanar. Sannan ya miƙa hannunsa mai lafiya, ya karɓa.