Hoto Ɗaya na Baba

A layin da yake da shago ba mai kiransa da ainihin sunansa. Ina-Zuwa ake ce masa, don kalmar ba ta barin bakinsa. Mai hoto ne, haka aka rubuta a allon ƙofa, amma da shekaru suka tura sai ya ƙara injin fotokwafi, ya ƙara buga takardu a kwamfuta, ya jera soket a bango yana cajin wayoyin mutane. Ɗaki ɗaya ne, labule ya raba shi biyu: gaba kanta, baya kujera da farin ƙyalle da kyamara a kan ƙafafunta uku.

In ka leƙa za ka same shi waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, hannu ɗaya a kan kwamfuta, ɗayan yana miƙa wa wani takarda, ido kuma yana bakin ƙofa. Mutane na yaba masa, shi ma yana jin daɗin yabon. Amma maganar gaskiya, rabin aikin nan maimai ne. Hoton wannan ya faɗa ambulan ɗin wancan, shafin ƙarshe ya fito a farko, sai a sake, yana dariya yana ba da haƙuri. Har wata dabara ya ƙirƙiro: ya zaunar da mutum, ya saita kyamara ta ɗauka da kanta, shi kuwa ya tafi wani aikin. Da yamma ya koma gida a gajiye liƙis, yana ganin gajiyar nan ita ce shaidar ya yi aiki. Matarsa takan tsokane shi ta ce, "Kai ko a mafarki fotokwafi kake yi."

Mahaifinsa tsohon kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana, kuma duk tsawon rayuwarsa bai yarda an ɗauke shi hoto ba. In ’ya’yansa suka matsa sai ya ce, "Me za a gani a fuskar nan?" Ban da ɗan mitsitsin hoton katin shaida da ya koɗe har ba a gane kowa, babu hotonsa a gidan kowa.

Wata rana, bayan ya tashi daga doguwar jinya, sai ga shi a bakin shago yana dogara sanda, ya sa kayansa masu kyau, an goge su tsaf. Lokacin rajistar ɗalibai ne, shago ya cika maƙil.

"Auta," in ji tsohon, don Ina-Zuwa ne ƙarami a cikin ’ya’yansa, "ɗauke ni hoto. Na jikoki ne, kada su tashi suna tambayar yaya kamannina."

Ina-Zuwa ya yi murna, murna ta gaske, har ya ji ƙwalla na neman zubowa. Ya kai shi bayan labule, ya zaunar da shi, ya gyara masa wuyan riga.

"A kalli nan, Baba, kada a motsa."

Sai injin fotokwafi ya cije takardar wata ɗaliba, ta ɗaga murya. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya saita kyamara ta ɗauka da kanta. "Ina zuwa, Baba," ya ce, ya fice. Yana fama da injin ya ga hasken kyamarar ya walƙa a bayan labule. Kafin ya sallami ɗalibar waya ta yi ƙara, kafin ya ajiye wayar wani ya zo karɓar caji. Da ya waiwayo, tsohon ya riga ya fito yana tsaye da sandarsa.

"Ya yi?"

"Ya yi, Baba, ya yi kyau sosai." Bai duba ba.

"To, ka wanke mini babba."

Tsohon ya tambayi hoton a gida, ya sake tambaya, daga nan bai ƙara tambaya ba. Damina ba ta ƙare ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, yayarsa, wadda ita ta yi jinyar tsohon, ta same shi a shago. "Auta, hoton nan fa. Kowa jira yake."

Ya tura ƙofa ya rufe da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna gaban kwamfuta yana wuce fuskokin baƙi, ɗaya bayan ɗaya, don ya san yakan goge hotuna ba tare da ya duba ba. Can ya same shi. Guda ɗaya ne tak.

Tsohon yana zaune daram, hula daidai, manyan hannayen nan na kafinta a kan gwiwoyi. Amma fuskar ta juya gefe. Kunne ake gani, da kunci ɗaya, da gefen ido, da wani ɗan murmushi da bai gama fitowa ba.

Yayar ta matso, ta daɗe tana dubawa. "Ikon Allah. To me yake kallo haka?"

Ina-Zuwa ya tashi. Ya shiga bayan labule, ya zauna a kujerar da bai taɓa zama a kanta ba, ya juya kansa kamar yadda tsohon ya juya. Ta tsagar labulen ba a hango komai sai injin fotokwafi, da wurin da shi yake tsayawa.

"Ni yake kallo, Yaya," ya ce.

A kan kanta waya ta soma ƙara. Yana nan zaune a kujerar har ta gaji ta katse.