Jirage Biyu a Kan Teburinmu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu garuruwan da na kwana a cikinsu, amma makonni ukun da na yi ina auna jiragen ruwa biyu a kan teburin cin abincinmu a unguwar Edmonton ta arewacin London suna nan daram, kuma na san da su za a kai ni kabari. Yau in mutum yana son tafiya hutu, wayarsa zai latsa ya ga ɗakin da zai kwana har da launin labulensa. A ƙarshen shekarun tamanin ba haka ba ne. Sai ka taka da ƙafarka zuwa shagon masu shirya tafiye-tafiye, a ba ka littattafai masu sheƙi cike da hotuna, ka kawo gida ka baje.

A lokacin ban daɗe da ajiye aikin tafinta a wani kamfanin jigilar kaya ba. Aikin ya zaunar da ni Khartoum da Marseille, ya kai ni Bairut da Santambul. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, da ɗan Turkanci na neman abinci. Ina kuma da wata ɗabi'a da iyalina suka sha fama da ita: ko tukunya ba na saya sai na jera biyu na gwada.

Maiɗakina, wadda nake kira Hajiya, ta yi jinyar zuciya a farkon shekarar a babban asibitin Camberwell, inda autarmu take aikin nas. Ranar da za a sallame ta likita ya ja ni gefe. Ya ce tana bukatar hutu da iska mai kyau, kuma kada a bari hankalinta ya tashi, domin in jininta ya sake hawa kamar wancan karon, ba shi da tabbacin zuciyar za ta ɗauka. Ni da na ji maganar iska mai kyau, sai teku ya faɗo mini a rai. Shekara talatin da huɗu ina zuwa ina dawo mata da labarin tashoshin duniya. Na ce lokaci ya yi da za ta gani da idonta.

Wani Baturke mai shago a bakin titinmu ya ba ni littattafan jirage biyu, ya ce zai riƙe mini ɗaki a kowanne har Asabar ta uku, daga nan sai in zaɓa ko ya ba wasu. Ɗaya fari ne fat, hawa goma sha ɗaya, unguwa guda ce a kan ruwa. Akwai ƙaramin asibiti a cikinsa da likita, kuma zai bi Bahar Rum ya tsaya Malta da Iskandariyya da Santambul. Aibinsa jama'a, kamar tashar jirgin ƙasa ta Victoria da safe, ga kiɗa ga rawa. Ɗayan shuɗi ne, ya fi tsufa, ya fi natsuwa, zai gangara yamma har Dakar. An ce cikin masu dafa abincinsa akwai Musulmi, kuma a Dakar Hajiya za ta ji ƙamshin gida, ta ci shinkafa da kifi irin wadda na daɗe ina ba ta labari. Sai dai akan yi kwana uku a cikinsa ba a ga ƙasa ba, kuma tekun wajen yana da jijjiga.

Na ja layi a tsakiyar takarda, fari a dama, shuɗi a hagu. Kullum bayan karin kumallo sai in ture kofuna in zauna. Na dami Baturken da waya: faɗin gado, nisan ɗaki daga wurin likita, ko za a sami mai nuna mana alƙibla in jirgi ya juya. Har ya fara ce mini, "Haji, kai saye za ka yi ko haya?" Ni kuwa daɗi nake ji. Tun da na bar aiki ban sami abin da ya cika mini yini haka ba.

Hajiya takan zauna a kujerar da ke fuskantata tana gyaran alayyafo. In na tambaye ta, "Wanne kika fi so?" sai ta ce, "Duk wanda ka zaɓa, Malam." A makonni ukun nan tambaya biyu kaɗai ta yi mini. Ta farko, "A wanne ne ake daɗewa ba a ga ƙasa ba?" Ta biyu, "Akwai ɗakin da ba shi da taga?" Na yi dariya na ce, "Haba Hajiya, a je teku a ɓuya a ɗaki kamar buhun gyaɗa? Ai mai babbar taga zan kama miki, ki farka ki ga ruwa har iyakar ido." Na ga ta ajiye wuƙar, ta tashi ta shiga kicin. Na ɗauka tukunya ta je dubawa.

Autarmu takan zo ran Lahadi da abin awon jini a jakarta. Lahadin farko ta auna ta mayar da abin awon jakarta. Ta biyu ta biyo ni har bakin ƙofa. Ita haihuwar London ce, Hausarta rabi da rabi ce.

"Baba, ya ƙara hawa. Kuma ba ta cin abinci, na duba fridge."

"Shi ya sa nake gaggawar yin booking. Zaman flat ɗin nan ne yake cin ta."

"Ka tambaye ta?"

"Kullum sai na tambaye ta."

"Me kake tambayarta, Baba?"

Na ce ta bar ni da iyayi irin na ma'aikatan asibiti. Ta kalle ni, ta rataya jakarta ta tafi. Gaskiya ne kullum ina tambaya, amma tsakanin fari da shuɗi nake ba ta zaɓi. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ko tana son tafiyar ba.

Ran Juma'ar makon, bayan an sallame a masallacin Regent's Park, ina tsaye kusa da shagon littattafai sai ga wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, babbar aminiyar Hajiya, ta nufo ni tana dogara lema. Ta girme mu duka, kuma ba ta taɓa tsayar da ni ita kaɗai ba sai ran nan. Bayan doguwar gaisuwa ta ce da irin Hausarsu, "Alhaji, na ji kana so ka sa ƙawana cikin ruwa. Matanka ya gaji fa, jikinshi ba ƙarfi. Jirgin sama bai fi ba? Ko ku zamna gida, a dafa mishi abin da yake so?"

Nan na buɗe mata karatu. Na gaya mata girman farin jirgi, da likitan da ke ciki, da yadda na hau jirgin alhazai daga Port Sudan zuwa Jidda ina saurayi, muna kwance a kan buhuna, amma ga ni da raina. Ta saurare ni har na gama. Sai ta gyara mayafi ta ce, "To, Alhaji. Ni dai kayan da aka ɗora mini na sauke." Ta juya ta tafi, ban tambaye ta wa ya ɗora mata ba.

Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Na san yadda Bafaranshe yake ƙin abu, kai tsaye, har da ɗaga kafaɗa. Na san Balaraben Bairut in ya cika ka da addu'a ya ce ka dawo gobe, ciniki ya mutu. Na san Bature in ya fara da ba ka haƙuri, hana ka zai yi. Da wannan sanin na ci abinci shekara da shekaru. Amma a gidan da na tashi, macen zamaninmu ba ta mayar wa miji kyautarsa a gaban idonsa. Babba take samu ta aika. Na ga mahaifiyata ta yi wa mahaifina haka ba sau ɗaya ba. An aiko mini manzo har ƙofar masallaci, na tsaya ina yi masa lacca a kan hawa goma sha ɗaya.

Zuwa Laraba na tsai da shawara a kan farin, saboda likitan da ke cikinsa. Abu ɗaya ya rage, kuma irin halina ne: ina so in gwada ko jirgi yana sa ta amai. Na ce ran Alhamis za mu hau ƙaramin jirgin 'yan yawon buɗe ido a kogin Thames, mu je Greenwich mu dawo. Autarmu tana hutu ran nan, ta ce sai ta bi mu.

A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa Hajiya carbi kawai take ja. Da muka fito bakin kogi rana tana haske, ruwan ya cika yana bugun bango. A kan matakalar sauka ta tsaya cak.

"Malam, ba za mu tsaya daga nan mu kalla ba?"

"An riga an yanki tikiti, Hajiya. Minti nawa ne? Kama hannuna."

Ba ta kama ba. Ta sauka a hankali, autarmu tana bayanta. Wurin da ake jiran jirgin shi kansa a kan ruwa yake, wata 'yar gada mai ƙarfe a gefe ce take haɗa shi da ƙasa. Hajiya ta kai tsakiyar gadar ke nan sai wani jirgin kaya ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga wurin ta sauke. Motsi ne kaɗan, yara ma dariya suka yi. Amma na ga Hajiya ta kai hannu biyu bayanta da sauri tana lalube, kamar mai goyo in ta ji zane ya kwance. Carbin ya faɗa ruwa. Ta ƙwala ihu da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, siririya, ta yarinya: "Ku kama ta! Ta zame! Inna, ta zame!" Sai ƙafafunta suka saki.

Autarmu ce ta tare ta. Ita ta kwantar da ita, ta kwance mata mayafi, ta daka wa wani ma'aikaci tsawa ya kira motar asibiti. Ni ina tsaye da tikiti uku a hannu. Leɓunan Hajiya sun yi toka-toka, numfashinta yana fita guntu-guntu, maganar likitan nan tana ta dawo mini.

A barandar asibiti muka zauna daga azahar har la'asar ta wuce. Duk ƙofar da aka buɗe sai in miƙe. Autarmu ba ta kalle ni ba sai sau ɗaya. Ta ce, "Baba, in wani abu ya sami Mama..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba. Dab da magariba likita ya fito ya ce zuciyar ta jure, amma da ƙyar, kuma za su riƙe ta kwanaki.

Washegari da hantsi na zauna a bakin gadonta. Ta juya fuska bango. Na ce, "Hajiya, wa ya zame?" Ta yi shiru. A da, da na cike shirun nan da magana, in kawo dalili in kawo misali. Ran nan na kame bakina. Mai shara ta zo ta goge ƙarƙashin gado ta fita, shiru yana nan. Can ta fara magana, ba ta juyo ba.

Tana 'yar shekara tara a wajen Yawuri, suka shiga kwalekwale da mahaifiyarta za su ci kasuwa a tsallake. Ita aka goya wa ƙanwarta, jaririya da ba ta fara tafiya ba. A tsakiyar kogi kwalekwalen ya kife. Masunta suka fito da ita, zanen goyon yana hannunta, babu kowa a ciki. Har mahaifiyarta ta rasu ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma ba wanda ya sake ambaton sunan yarinyar a gidan. Tun ran nan ba ta ƙara taka abin da yake kan ruwa ba.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Duk lokacin da bas ta hau gada da mu takan rufe ido, ni ina cewa zikiri take. Sau biyu na shirya mu tsallaka Faransa a jirgin ruwa da yara, sau biyu ciwon kai ya hana ta.

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Na ga fuskarka in ka buɗe littattafan nan, Malam. Rabon da in gan ka haka tun kana aiki. Kuma don ni kake yi. Na aika maka, saƙo bai shiga ba. Sai na ce in an sami ɗakin da ba taga, in rufe ido mako biyu, wataƙila zan iya."

Ran Asabar na shiga shagon Baturken. Ya tare ni da fara'a, "To Haji, yau ce ranar. Fari ko shuɗi?" Na ajiye masa littattafansa a kan tebur na ce babu ko ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskata, ya tura mini kofin shayi.

Da ta warke na tambaye ta inda take son zuwa, na kuma jira. Sai bayan kwana huɗu ta ba ni amsa. Gida take so. Muka hau jirgin sama zuwa Kano, muka bi mota har garinsu. Ta sa aka dafa abinci aka raba sadaka, ta tsaya daga nesa a kan tudu inda ake hango kogin, ta faɗi sunan ƙanwarta a fili. Ni kaɗai na ji, kuma ba zan rubuta shi ba.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya bayan wannan. Abin da na koya shi ne, jera wa mutum abu biyu ya zaɓa ba shawara ba ce in ba ka fara tambayarsa ko yana so ba, kuma mai kawaici sai an ba shi lokaci kafin amsarsa ta fito. Har yau ina gwada tukwane kafin in saya. Amma daga ranar nan ban sake yanke wa wani a gidana abin da zai ji daɗinsa ba, kuma ni ma ban ƙara hawa jirgin ruwa ba.