Da Layin Najeriya Na Yi Faɗa da 'Yata

Ni dai ban shiga zauren karatun nan don in yi faɗa da kowa ba. Wata maƙwabciyata ce mai sayen atamfa a wurina ta same ni tsakanin azahar da la'asar ina korar ƙuda, babu ciniki, ta ce in ba ta lambata ta sa ni a wani gurup na waya inda wata marubuciya ke sako labari shafi-shafi kullum. Wayata layi biyu gare ta, na Nijar da na Najeriya, kamar ta kowane mai sarin kaya a ƙetaren iyaka daga nan Gazawa. Na ba ta na Najeriya, wanda ban da masu kawo mini kaya babu wanda ya san shi, ko 'ya'yana.

Labarin wata bazawara ne da 'ya'yanta uku. Babbar mace ce, kuma ita ce uwar ba ta kallo. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama da ita a tabarma ɗaya, in an yabi yarinyar a gabanta sai ta tashi ta shiga madafa. Tun shafin farko na gane matar nan sarai, na ce a raina wannan ta sami tarbiyya. Da na gangara ƙasa inda masu karatu ke sharhi, sai na tarar an riga an yanka ta an feɗe. Wannan ta ce muguwa ce, waccan ta ce Allah ya isa, wata har da hotunan fuska mai kuka guda shida a jere. Dokar marubuciyar ita ce in babu sharhi babu ci gaba, saboda haka kowa zuba take yi, da mai abin faɗa da marar shi.

A cikin masu zubar nan na ga wata lamba ta Nijar da na san ta kamar tafin hannuna. Na danna hoton, sai ga hannu da lalle da zoben da ni na saya. 'Yata ce ta fari, wadda ke aure a Gidan Rumji. Na kife wayar a kan turmin atamfa kamar an kama ni da sata. Uwa da 'ya a zaure ɗaya suna karanta labarin da ake soyayya a cikinsa! Na yi niyyar fita a take, sai na tuna ba ta san layin ba, ba hotona a kai, ba suna. Na zauna, kuma zaman da ban yi wa kaina adalci da shi ba ke nan.

Yarinyar nan ba a hannuna ta tashi ba. Ana yaye ta yayar mijina, wadda Allah bai ba 'ya mace ba, ta zo daga Cadawa ta goya ta ta tafi. Ban ce uffan ba, don uwa ba ta da baki a kan 'yar fari. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Ba ka kiran sunan ɗan fari, ba ka nuna naka ne a gaban surukai, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. Kunya ce, kuma a wurinmu ita ce alamar an haife ka a gidan mutunci. In ta zo hutu daga lakol, wato makarantar boko, “ke” nake ce mata, ko in ce wa ƙannenta su kira mini yayarsu. Ban taɓa zaton akwai abin da ke buƙatar bayani a cikin wannan ba.

A lokacin da nake ba da labari tana da cikin fari, ya shiga wata shida. Al'adarmu idan ya kai bakwai akan mai da yarinya gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwa, a yi mata wankan jego har arba'in. Ni tun da na ji labarin cikin na sa aka yi wa ɗakin baya sabon daɓe, na fara tara itace a bayan rumbu, na ajiye kanwa da kayan yaji. Ban gaya wa kowa na mene ne ba. Sai ga saƙo ta bakin mijina cewa wai ta ce Cadawa za ta, wurin goggonta. Na ce to, Allah ya raba lafiya, na ci gaba da tankaɗe. Amma abin ya tsaya mini a rai, don shi kaɗai ne rabona da ita da al'ada ta bar mini, shi ma ga shi zai wuce ni.

Ana cikin haka marubuciyar ta kwantar da babbar 'yar a asibiti. Dangin uba suka cika ɗaki, uwar ta zo ta tsaya a bakin taga daga waje, ta leƙa, ta juya ta tafi. Zaure ya kama da wuta. Ni kuwa haƙurina ya ƙare, na ɗauki waya na yi sharhina na farko. A lakol da “ou” da “tch” irin na Faransanci aka koya mana rubutu, amma don kada a gane daga ina nake sai na bi irin rubutun 'yan Najeriya, harafi-harafi, ina gogewa ina sakewa. Na ce: “Ku yi mata adalci. Surukanta ne a ɗakin. Wadda ba ta damu ba ai ba za ta zo bakin taga ba.”

Ban ajiye wayar ba amsa ta shigo, kuma daga 'yata. “Anti, ki yi haƙuri, wannan ba kunya ba ce, rashin so ne aka sa masa zane. Wa ya taɓa mutuwa don ya kira sunan ɗansa?”

Anti! Ni da na yi kwana biyu a kan gwiwa kafin ta faɗo. Na ce mata yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ta ce ai ta taka, shi ya sa take magana. Wasu suka shigo suka goya mata baya, wata daga cikinsu ta ce da gani wannan Antin ita ma haka take gasa wa tata 'yar aya a hannu. Aka yi ta dariya da hotunan fuska. Matan da rabinsu ban fi ƙarfin in haife su ba, suna zaune a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, sun yanke wa matar labari hukunci sun haɗa da ni.

Mako biyu muka yi a haka. Kullum bayan azahar shafi ya sauka, in karanta, in ga abin da uwar ta yi, in fahimci dalilinta tun kafin a faɗa, in gangara in tarar an juya shi. Ta aika wa 'yar da kunu ta hannun maƙwabciya, suka ce don kada a zage ta ne. Ta sayar da tunkiyarta a ɓoye aka sayi magani, suka ce asiri take shirin yi. In na rubuta layi biyu a cikin rabin sa'a, kafin in aika sun rubuta ashirin sun wuce wurin. Har ciniki na fara yi da faɗa. Wata ta zo tana taya shadda ina tsakiyar neman harafi, na ce mata in ba saye za ta yi ba ta bar mini kayana, ta fita ba ta sake dawowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk ran Juma'a 'yar nan takan kira ni a layin Nijar mu gaisa. Ina kwana, ina gajiya, ya jiki, da sauƙi, a gaida mutan gida. Minti biyu mun gama. Murya a ƙasa, ladabi kamar ba ita ce jiya ta ce mini tunanina na mutanen da ne ba. Sau nawa na buɗe baki in ce ɗaki na nan an gyara, sai in ji ina tambayar ko an yi ruwa wajensu.

Ni duk zatona marubuciyar tana tare da ni. Na ce mai wannan alƙalami ta san abin da take yi, ranar da za ta buɗe zuciyar uwar nan duk sai sun ji kunya. Ashe ita ma bin iska take. Da ta ga zaure ya karkata, sai ta sako shafin da wata tsohuwar ungozoma ta zo tana kuka tana neman gafara, wai a ranar haihuwa an yi musanyar jarirai, yarinyar ba 'yar matar ba ce, kuma matar ta sani tun farko. Shi ke nan. Taga da kunu da tunkiya duk suka tashi a banza. Na karanta sau biyu don in tabbata, na ce amma wannan baiwar Allah ta ci amanata.

Zaure ya ɓarke da guɗa. Kowa na cewa dama ta faɗa. Ana ta kiran Anti ta fito ta ga ƙarshen gardama. Sai 'yata ta rubuta nata, mai tsawo, ba hoton fuska ko ɗaya:

“Dama uwar da ta haifa ba ta iya haka. Ni ina shekara bakwai na yi ƙyanda a gidan goggona, har an fid da rai. Uwata ta zo, ta gaida kowa, ta tambayi lafiyar awaki, ba ta taɓa goshina ba. Wallahi har yau wani lokaci nakan ce ko ni ma a tambayi ungozoma.”

Na fara rubutu, haruffa suka ƙi tsayawa, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ban san lokacin da na danna wurin saƙon murya ba, wanda muke ce wa bokal, yadda nake yi wa masu kawo mini kaya in rubutu ya gagare ni. Na manta da Anti, na manta da Najeriya, na saki baki da harshen gidanmu:

“Ke, ki ji tsoron Allah! Wa ya ce maki ba a taɓa ki ba? Da tsohon ciki ta hau amalanke ta taho, ta ce daddawa ta kawo, don ba ta iya cewa ɗiyarta ta zo gani. Kakarki na zamne bakin gado, mi kike so ta yi? Da anka fita sallar la'asar ta shiga, kina barci, ta ɗauke ki ta aza bisa ƙafa, jikinki kamar garwashi. Ta ji tahiya ta aje ki ta fita. Bayan rumbu ta yi kukanta, ta wanke ido da ruwan awakin nan da kike faɗi. Ke kina barci, shi ya sa ba ki sani ba. Kuma yau wata ukku tana tara itace, kin ce Cadawa za ki!”

Na saki yatsa, saƙo ya tafi. Sai a lokacin hankalina ya dawo. Magana zarar bunu ce, kafin in lalubo inda ake gogewa an riga an saurara. Can wata ta rubuta, “Ikon Allah.” Wata ta ce, “Anti, ke ce?” Marubuciyar da kanta ta fito ta ce don Allah in biyo ta ta gefe tana son ƙarin bayani, wato ta sami abin shafin gobe. Na fita daga gurup ɗin, na kashe wayar gaba ɗaya, na tura ta ƙarƙashin atamfofi. Abin da na rufe shekara ashirin, ko mijina bai sani ba, na kwance shi a gaban matan da ban san fuskarsu ba. Kunyar da nake taƙama da ita, ranar ban bar ko ta shafawa ba.

Kwana biyu ban kunna ba. Rana ta uku da hantsi dole ta sa, don ina jiran kaya. Ko minti biyar ba a yi ba ta yi ƙara, a layin Najeriya, lambar 'yata. Na bar ta ta katse. Ta sake kira. Na shiga ɗakin baya na ja ƙofa na ɗauka.

Ba ina kwana, ba ya gida. Ta ce, “Inna, ashe ke ce Anti.”

Na ce, “To, sai aka yi yaya?”

Ta ce, “Mi ya hana ki gaya mani? Kullum Juma'a muna waya.”

“Ana faɗin irin wannan ne? Ke ba ki da ido?”

“Ido na ga bayan rumbu, Inna? Ni na aza ba ki son wahalata, shi ya sa na ce Cadawa. Goggo ma sai da ta ce in sake shawara, ɗakin uwa ya fi. Na ce wadda ba ta kira ni ba, in tahi in ce mata mi?”

Haushi ya sake taso mini, nata da nawa da na goggon da ta fi ni baki. Na ce, “To ai kin ji. Duniya ma ta ji.”

Ta ce, “Duniya kika gaya ma, ba ni ba. Ko a can ɗin ma 'ta' kika yi ta cewa, kamar labarin wata. In kina so in zo, ki kira ni, in zo.”

Na ce, “To, ki zo.”

“Wa za ya zo? Ɗiyanki mata ukku ne.”

Na gane inda ta nufa. Na ce mata ba ta da kunya, ta ce ta ji, gado ne bai bi ta ba. Na dubi ƙofa, na leƙa ta taga ko akwai mai wucewa. Ba kowa sai kaji. Sunan nan ni na zaɓe shi a raina tun kafin a raɗa mata, na aika wa ubanta ta bakin wata, amma tun ran suna bai taɓa bi ta kan harshena ba. Na faɗe shi can ƙasa, ya fito a karkace kamar ba Hausa ba, na ce ta haɗa kayanta ta taho gida.

Na duba wayar ko ta katse. Sai na ji ta ja hanci, ta ce, “Inna, rezo ba ya da kyau, layin na yankewa, ban ji ba.”

Ƙarya take yi, ina jin har kukan zakaran gidansu. Na share ido da bakin zane, na gyara murya, na sake faɗa.