Kwanon Man Taraktar Kaka

Jiya na ga kajinmu suna shan ruwa a wani baƙin kwano da ya lotse a gefe. Tun daga zaure na gane shi: kwanon man filtar iska ne na taraktar Kaka.

A da, duk Asabar Kaka yakan kwance shi a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, ya zubar da man da ƙurar gona ta mayar laka, ya wanke da kananzir, ya zuba sabo daidai layi. Ni nake riƙe masa tsumma. "Filtar takarda in ta toshe sai shara," yakan ce, "wannan kuwa wanka kawai take so."

A gadon asibiti ya kama hannun Kawu, babban ɗansa. "Kada ka sa wa taraktar nan filtar takarda." Kawu ya ce, "Na yi alkawari, Baba." Ina wurin, na ji da kunnena.

Da na tambayi Kawu jiya ko ta takardar ya sa wa taraktar, dariya ya yi. "Ke ma? Wa ke da lokacin wanke-wanke yanzu?"

Na zubar da ruwan kajin, na wanke kwanon da kananzir, na ɓoye ƙarƙashin gadona. Allah ya jiƙan Kaka, ya wanke shi tas kamar yadda yake wanke kwanon nan.