Kwamin da Abu Yasir Ya Gina wa Bareyi

Shekara goma ke nan da aka fita da maigidana, Malam Harisu, wanda mutanen Madina suka sani da Abu Yasir, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Na zauna da niyyar rubuta irin abin da matan mamata kan rubuta, haƙurinsa da murmushinsa da ƙamshin turaren da har yau bai bar rigunansa ba. Da na ɗauki biro sai na tarar fushi ya riga su zuwa, don haka shi zan rubuta.

Haifaffen Madina ne, jikan alhazan da suka zo daga Katsina a ƙafa ba su koma ba. Aikinsa gyaran injin ban-ruwa a gonakin dabino na hanyar Badr. Ni kuwa daga Zariya aka kawo ni, akwatina rabi lefe rabi littattafan soyayya. A cikinsu kowane saurayi sai ya ce wa budurwarsa idonta kamar na barewa, kuma na yi ta jiran ranar da nawa zai faɗa. Bai taɓa faɗa ba. Wata Juma'a bayan la'asar ya sa ni a motarsa a-kori-kura, ya kai ni wani kwari a bayan duwatsu, ya kashe mota, ya ce in yi shiru. Can sai ga garken bareyi ya sauko ƙarƙashin itatuwan ƙaya. Wata ta ɗago kai ta dube mu. Ya ce, "To ga idon da ake ta rubuta miki. Kin ga kama?" Na ce ban gani ba. Ya ce shi ma haka, nawa sun fi rigima. Wannan ne kaɗai baitin soyayyar da na samu a wajensa, kuma bai taɓa tsufa a raina ba.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Maharbi ne, kuma ya taka dokar da ta hana harbin barewa kamar yadda abokansa suka taka. Suna da majalisarsu a unguwar Aƙiƙ, shi da wani likita ɗan ƙasarmu da kowa ke kira Dakta, da Abu Nayif wanda suka taso unguwa ɗaya. Suna da al'ada: wanda ya nuna inda naman yake, ko bai harba ba, cinya tasa ce. Kason jagora suke kiran ta.

Sai aka yi shekarun nan da sama ta ƙi ruwa, aka rufe da wani sanyi wanda tsofaffi suka ce ba su tuna irinsa ba. Abu Yasir ya riƙa dawowa daga gonaki ba ya iya cin abinci. Ya ce gawar bareyi yake tararwa a gindin ƙaya, fata da ƙashi, wasu a durƙushe kamar barci ya ɗauke su. Garken da ya nuna mini ya koma abin da za a ƙirga da yatsu. Ya nannaɗe bindigarsa a bargo ya jefa saman kabad. Ya sayi siminti ya gina kwami a kwarin, kowane mako yana kai ruwa a jarkoki da damin ciyawar barsim.

Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗauka abokansa irinsa ne. Ya je majalisa ya ce su bar kwarin ya huta wasu shekaru har garke ya tashi. Aka zuba gahawa, kowa ya ce wallahi, ya yi magana. Don murna ya ɗauke su ya nuna musu kwamin, yana tsammanin za su taya shi ɗaukar ruwa.

Wata Alhamis da hantsi yana gida yana fama da mura aka buga ƙofa. Abu Nayif ne da cinyar barewa a leda mai ɗigar jini. Ina bayan labule ina jin su.

"Kasonka ne, ya shaikh. Kai ne jagora."

"Jagoran me?"

"Haba Abu Yasir. Ba mu ma ƙona mai ba, da kansu suka zo suka jeru. Dakta ya ce ko mun bar su ba za su kai rani ba."

"Masu cikin fa?"

Abu Nayif ya yi dariya ya ce, "Ma'alesh, ba komai, bindiga ba ta da ido. Allah zai kawo wasu."

Ina so masu karatu su tsaya a kan wannan. Ba farauta aka yi ba. Dabba ce da yunwa ta ci ƙafarta, ta ja jiki zuwa ruwan da wani bawan Allah ya ɗauko a kafaɗarsa, ta sunkuyar da kai, aka harbe ta daga tagar mota. Ba yunwa ce ta kai su ba, firjin kowannensu cike yake da rago. Mutumin da ya yi rantsuwar ceton rai shi ne ya yanke cewa tunda za su mutu gara ya riga mutuwar. Sannan don rashin kunya suka aiko wa mai kwamin da ladansa.

Na ce wa maigidana zan watsa wa kyanwoyi naman. Ya ce, "Dafa shi, Ummu Yasir. Ba za a haɗa mata kisa da wulaƙanci ba. Ni na tara su, ni na nuna hanya, kasona ne." Ban taɓa dafa abin da na tsana irin wannan ba. Ya zauna shi kaɗai ya ci, bai ba kowa ba. Daga ranar bai sake taka majalisar Aƙiƙ ba.

Ba zan ce su suka kashe shi ba. Ciwon hanta ne, kwana kuma ya ƙare. Amma na gan su a zaman makoki suna yabon tausayinsa ga dabbobi, kuma da ba don darajar garin nan ba da na faɗa musu magana ta bayan labule.

Yau Dakta yana da gidan hutu a bayan gari, da barewa guda da ya saya ya kulle a keji, jikokinsa suna ɗaukar ta hoto da waya. In aka taru sai ya girgiza kai ya ce yaran zamani sun ƙarar da namun daji. Nakan tambayi kaina me Abu Yasir zai ce da ya ji. Ina jin tashi kawai zai yi ya cika jarkoki. Ni ce ban da wannan halin.

Abin da ba su sani ba, ya sake gina wani kwamin a wani kwarin, bai gaya wa kowa ba sai ni da ɗanmu Yasir. Shekaru yana kai ruwa, ba mai sha sai kurciyoyi. Na sha yi masa faɗa a kan bayansa da yake karyawa a banza. Ya rasu bai ga komai ba. Yasir ya ci gaba, duk da aikinsa da iyalinsa. A watan jiya ya shigo da ƙura har gira, ya miƙo mini waya. Sawun kofato ne a laka a bakin kwami, manya, da wani ɗan ƙarami a gefensu. Yaron da nake yi wa Hausa yana mayar mini da Larabci, ranar da Hausa ya ce, "Umma, sun dawo."

Shekaranjiya matar Abu Nayif ta zo mini da dabino, wai ta tuna watan rasuwa ne. Muna cikin shan shayi ta ce, "An ce Yasir yana yawan fita daji. Wane gefe yake bi? Baban yara ne yake tambaya."

Na ce, "Ki ce masa an daina jagora a gidan nan."

Na san za su karanta wannan. Su karanta. Duwatsun da ke tsakanin Madina da Badr suna da yawa, su kuma gwiwoyinsu sun tsufa. Abu Yasir bai bar mana gida ba, bai bar mana gona ba. Ya bar kwami da ruwa a ciki, da ɗa mai cika shi, da mace wadda ta dafa cinyar nan da hannunta. Allah ya jiƙansa. Sunan kwarin kuwa yana bakina, kuma da shi za a kai ni Baƙi'a.