Hannun jarin da ya raba ni da abokina

Shekarun baya, tun darajar kuɗin sefa ba ta faɗi ba, ina direba a wani kamfanin sufuri a Konni, muna kai albasar Galmi Kwatano. Wata shekara muka nemi ƙarin albashi. Ɗan maigidanmu, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya tara mu a buro, wato ofis, ya ce ƙari babu. Amma duk wanda ya ƙara shekara biyar yana aiki, za a sayar masa da hannun jari a kamfanin a farashin yau, komai tashin da zai yi. Aka ba kowa takarda mai hatimi.

Sauran direbobi suka cusa tasu a aljihu suka manta. Ni kuwa har leda na sa wa tawa. Na fara cewa "motocinmu", ni da ko keke ban mallaka ba.

To kowane direba yakan ɗauki 'yan ci-rani a kan buhunan albasa, kuɗin motar ya zama nasa. Da shi muke cika cefane, ni ma na daɗe ina yi. Sai na fara jin kamar daga rabona ake ɗiba. Na yi wa abokina magana ya daina, ɗan garin Tajaye ne, shi ya koya mini tuƙi. Ya kwashe da dariya, ya riƙa ce mini Alhaji mai kamfani a gaban mutane. Dariyar ta yi mini zafi, na je buro na kai ƙararsa. Na ɗauka faɗa kawai za a yi masa. Makullin mota aka karɓe, aka sallame shi.

Ya same ni a tasha. "Kai kak kai ni?" Na ce dukiyarmu nake karewa. Ya dube ni ya ce, "To, Allah shi ba ka riba."

Bayan shekara uku sefa ta faɗi, kayan gyara suka gagara, aka sayar da motocin ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa sayen ko hannu ɗaya ba.

Abokina ya tafi ci-rani Abijan, ya dawo ba lafiya, ya rasu. Na je gaisuwa Tajaye ina jiran a kore ni. Sai wansa ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, yana gaya wa jama'a cewa ga aminin marigayi. Ashe marigayin bai taɓa gaya wa kowa ni na kai ƙararsa ba.

Har yau abin yana cina. Da ya tona ni, da na sami wanda zan roƙa gafara. Na ci tuwon gidansu, na yi addu'a, na taso ban gaya musu ba.